Wutar Cek Ta Kama a Motarka? Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Gareji

Sana'ata wutar mota ce, abin da aka fi sani da riwaya. A da aikinmu bai wuce kik da altaneta da fitilu ba. Yanzu rabin yinina a kujerar direba yake ƙarewa, na'ura a kan cinya, ina karanta lambobi. Tambayoyin nan su nake ji kusan kullum, wasu a gareji, wasu a waya bayan Isha'i, wasu ma a wajen ɗaurin aure da zarar an gane aikina. Na fi kawo misali da Toyota da Honda masu fetur, don su suka fi shigo mini.

Oga, wata 'yar wuta mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, kamar zanen inji. Mece ce?

Ita ce wutar cek. Motar da ke aiki da nozul maimakon kafireto tana da kwamfuta, wadda muke kira burenbos, ita ke yanke yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ba ta da ido, sensoshi ne idonta: wata na auna iskar da ke shiga, wata zafin ruwa, wata juyin inji, wasu kuma suna jikin salansa suna shinshinar hayaƙi. Duk tafiyar da kake yi tana gwada abin da suka faɗa mata da abin da aka rubuta mata tun daga kamfani. Idan lissafi ya ƙi fita, sai ta ajiye lamba ta kunna maka wutar.

Wutar ɗaya ce, dalilan kamawarta kuwa ɗaruruwa, tun daga murfin tanki da ba a ɗaure ba har silindar da ta daina aiki. Duk wanda ya leƙo ta taga ya ce maka "ai fulogi ne", canka kawai ya yi.

Zan iya ci gaba da tafiya, ko in faka?

Dubi yadda take kamawa. In ta tsaya cak, inji na tafiya sumul, allurar zafi tana inda ta saba, ƙarasa inda za ka, amma ka kawo ta cikin kwana biyu zuwa uku. In kuwa tana ƙiftawa, ta kama ta mutu ta kama ta mutu, wannan wata magana ce. Wata silinda ce ba ta ƙona manta, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa yana ci a can, kuma zai iya narkar da indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, ɗungurungum. Sassauta ƙafa daga totur ka nemi gareji mafi kusa. Kada ka ce bari in lallaɓa daga Zariya zuwa Kano a haka.

Kada kuma a haɗa ta da jajayen fitilu. Jar buta mai ɗigo ta baƙin mai ce, jan ma'auni a kan ruwa na zafin inji ne. Waɗannan ba sa jiran gobe, gangara gefen titi ka kashe inji nan take.

A ina ake sa kwamfutar? Kuma kowace mota tana karɓa?

Akwai soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, galibi ta wajen gwiwar direba. Sunan tsarin OBD-II, kuma ba don a sauƙaƙa wa makanikai aka ƙirƙiro shi ba. Hukumar kula da tsabtar iska ta jihar Kalifoniya ce ta matsa wa kamfanoni saboda hayaƙi, daga baya ya zama doka a Amurka baki ɗaya: duk ƙaramar motar da aka sayar a can daga ƙirar 1996 dole ta zo da shi. Turai ta biyo baya, motocin fetur daga 2001, na gas daga 2004. Wannan asalin ne ke bayyana abin da ke ba mutane mamaki, wato mota ta kunna wuta saboda ɗan tururin fetur da ke zurarewa daga tanki, amma ta yi gum alhali ƙafafunta sun mutu murus. Gadin hayaƙi aka ba ta.

Camry, Corolla, Accord, Vibe da Sienna da suka fito daga Amurka ko Kanada, ta Legas suka shigo ko ta Kwatano, duk suna magana da kowace na'ura. Tsofaffin 'yan Beljam su ne masu taurin kai. Golf 3 da Peugeot 406 na farko-farko za ka iya ganin soket ɗin, amma yarensu daban, sai na'urar da ta san yaren gidansu.

An ba ni takarda an rubuta P0171. Yaya ake karanta irin wannan?

Harafi ɗaya ne da lambobi huɗu. P inji da giya, C ƙafafu da birki, B jikin mota irin su jakar iska, U kuma hirar da kwamfutocin motar ke yi a tsakaninsu. Lambar farko in 0 ce, ma'anar ɗaya ce a kowace mota. In 1 ce, ta kamfanin ce shi kaɗai, sai ka nema da sunan motar da shekararta, in ba haka ba intanet za ta ba ka fassarar wata motar daban. Lamba ta biyu tana ƙara matsowa: 1 da 2 harkar iska da mai, 3 wutar fulogi, 4 kayan tace hayaƙi, 5 gudu da silo (juyin inji ba a taka totur ba), 7 giya.

Za ka kuma ji ana cewa banki na 1 ko na 2. Inji mai silinda huɗu a jere galibi bankinsa ɗaya. Mai V6 biyu ne, kuma na 1 shi ne gefen da silinda ta ɗaya take. A Camry da Sienna da Highlander masu V6 shi ne na baya, wanda hannu ke shan wahala kafin ya kai. Na sha ganin an canza sensar gaba don ita ce a fili, mai laifin tana baya tana hutawa. Sensa ta 1 kafin indomi take, ta 2 bayanta.

An ce sensar salansa ce. Na saya an sa, bayan kwana uku wuta ta dawo. Jabu aka sayar mini?

Mai yiwuwa, jabu ya cika kasuwa. Amma sau da yawa tsohuwar da aka cire lafiyarta ƙalau. Kwamfuta ba ta taɓa cewa "sayi kaza", koke take kawowa. Abin da P0171 ke cewa shi ne: hayaƙin banki na 1 ya nuna iska ta yi wa mai yawa, na yi ta ƙara mai har na kai iyakata bai daidaita ba. Sensar salansa ce ta kawo rahoton, shi ya sa masu gaggawa ke kama ta. 'Yar aike ce. An bar jaki ana dukan taiki.

Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a nauyi. Abin da ke jawo mai ya gaza a wannan lissafin bai cika wuce uku ba: iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya ba a auna ta ba, ko sensar iska tana tauye mudu, ko man ne ba ya isowa saboda famfo ya gaji ko nozul ya toshe. Na'urar da ta karanta lambar za ta iya raba su, in mai riƙe da ita ya san inda zai duba. Akwai layi biyu, STFT da LTFT, suna nuna kashi nawa cikin ɗari kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan man da ya kamata. Lafiyayyen inji yana yawo kusa da sifili, bai cika wuce 10 sama ko ƙasa ba.

Wani malamin makaranta ya kawo mini Corolla 2006 a tsakiyar hunturu. An riga an sa masa sensar salansa sau biyu a wani wuri, an wanke nozul, an canza fulogi, albashin wata ya tafi. Kukansa, da safe motar tana rawa kamar za ta mutu, in rana ta yi kuma ta ware. Na ce, "Malam, bar mini ita ta kwana, da sanyinta nake son ganinta." Washegari na tayar, da ta fara ɗumi jimillar layin biyu ta haura 25 a silo. Na taka totur na riƙe allurar juyin inji a 2500, sai lissafin ya gangaro ƙasa da 10. Wannan kaɗai ya ba da amsa. A silo iskar da inji ke sha kaɗan ce, don haka 'yar kafa tana da tasiri, in an buɗe totur kuwa sai ta ɓace cikin yawa. Da famfo ne ko sensar iska, akasin haka za a gani: silo lafiya, lissafi ya hau in an taka.

Na hura hayaƙi cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, sai ga shi yana fitowa siriri ta inda manifol ya haɗu da kan inji. Da muka kwance, gasket ɗin roba ya bushe ya lafe, ina lanƙwasa shi ya karye kamar busasshiyar taliya. Sanyi yana ƙanƙance shi kafa ta buɗe, zafi ya kumbura shi ta rufe, shi ya sa ciwon na safe ne. Sanannen rauni ne a injin 1ZZ na Corolla 2003 zuwa 2008, da Matrix da Vibe masu inji iri ɗaya. Kuɗin gasket ɗin bai kama ƙafar na sensa ɗaya ba. Malam ya daɗe yana juya guntun a hannu, bai ce komai ba sai "Allah Ya kyauta".

Wasu yara suna watsa fetur a jikin inji yana aiki don su ji inda zai canza murya. Dabarar tana aiki, amma na ga gemu ya tafi a kanta. In babu na'urar hayaƙi a fesa ruwa. In kuma lissafi ya nuna wajen mai ne, a sa geji a auna matsin mai kafin a sayi famfo, irin wannan Corolla tana son psi 44 zuwa 50.

Me ya sa wutar ta fi kamawa da hunturu?

Ƙura. Sensar iska, wadda 'yan kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ke kira iyafulo, tana zaune bayan matatar iska, kuma aikinta ya rataya a kan wata waya siririya kamar gashi da ake ɗumamawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka ake gane yawanta. In ƙura ta lulluɓe wayar sai ta riƙa faɗin ƙasa da gaskiya, a samu P0171 ko P0101, mota ta yi nauyi wajen wuce tirela. Akwai feshin da aka yi musamman don wanke ta. A cire, a fesa, a bari ta bushe da kanta. Ban da fetur, ban da tsinke, ban da buroshi. Sannan a duba matatar. Al'adar kai ta wajen mai faci ana hure ta da iska mai ƙarfi tana yaga takardar, ta yi kyau a ido alhali ta zama rariya.

Motata tana rawa a silo, tana shaƙewa in na taka. An ce P0302.

P0300 na nufin silindoji suna tsallake wuta barkatai. P0301 ta ɗaya ce, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. Ina son wannan lambar, don gwajinta kyauta ne. A yawancin motocin yanzu kowane fulogi da kwayil ɗinsa mai ba shi wuta a kai. Ciro kwayil na biyu ka musanya shi da na uku, goge lamba, ka zaga. In ta koma P0303, ciwon ya bi kwayil, shi kaɗai za ka saya ba huɗu ba. In ta tsaya a P0302, musanya fulogi. In har yanzu tana nan, saura nozul da wayarsa, sai silindar kanta, a auna matsinta a ga ko bawul ya ƙone ko zoben fistan ya ci.

Ka kuma kalli abin da ka ciro. Fulogi baƙi ƙirin mai gari-gari kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa. Wanda bakinsa ya jiƙe da baƙin mai, inji na shan mai. In ramin fulogin ne ya cika har robar kwayil ta jiƙe, gasket ɗin murfin sama ke yoyo, kuma zai ci sabon kwayil in ba a gyara shi ba. Wanda ya fito fari tas kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa da datti, ga ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, a nan gabana ke faɗuwa, domin alamar gasket ɗin kan inji ce.

P0420 fa? An ce indomina ta mutu, wai a fasa a zubar.

Indomi suna ne da makanikai suka raɗa wa tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, saboda cikinta mai ƙananan ramuka ya yi kama da dunƙulen taliyar nan. Ainihinta tangaran ne da aka shafe da filatinam, faladiyam da rodiyam, ƙarafa masu tsadar gaske. Shi ya sa ake sace ta, shi ya sa kuma ake samun masu zagaya gareji suna sayenta. Kwamfuta tana auna aikinta ne da sensar baya. In tana aiki, rahoton sensar yana kwance kusan wuri ɗaya. In ta mutu ko babu ita, sai ya riƙa hawa da sauka, a samu P0420, ko P0430 a banki na 2.

Kafin a yanke mata hukunci a duba ko salansa na da huji kusa da sensa, a kuma duba ko indomin tana nan ma. Ba sau ɗaya ba na haska tocila na tarar da tukunya wayam, mai motar bai sani ba, tun kafin ta zo hannunsa aka kwashe, ko ranar da ya bar ta ta kwana a wani wuri. Kuma ba ta cika mutuwa haka kawai ba, kashe ta ake yi: silinda mai tsallake wuta da aka yi watanni ana tafiya da ita, ko inji mai shan baƙin mai. In ba a gyara wannan ba, sabuwar ma hanyar za ta bi.

In ta narke ta toshe har mota ba ta iya hawa tudu, kuma babu kuɗin wata, ban ga laifin mai fasawa ba. Amma wadda ba ta toshe ba, fasa ta ba ya rage shan mai yadda ake yaɗawa. Abin da za ka samu wari ne, da hayaƙi ga na bayanka, da wutar cek da ba za ta sake mutuwa ba, ta yadda ranar da babbar matsala ta zo ba ka da mai faɗa maka. In dole sai an cire, ka karɓi abarka, kuɗi ce.

Makanikina ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce ƙasarmu da zafi. Yanzu ga P0128.

Wannan al'ada ta fi kowace ba ni haushi. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, a Toyota da yawa tana buɗewa wajen digiri 82. An ƙera inji ya yi aiki da zafinsa, kuma motocin nan ana tuƙa su a Arizona da Dubai ba a cire musu komai ba. In an cire, fanka kuma tana juyawa tun daga murɗa makulli, ruwa ba ya kai zafin da kwamfuta ke jira, musamman da safe ko a doguwar hanya, koken da P0128 ke kawowa ke nan. Ita kuma a saninta inji mai sanyi ƙarin mai yake so, sai ta yi ta zuba masa. A aljihunka abin ke ƙarewa, a wannan zamani da aka cire tallafin mai tun Mayun 2023.

Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya, murfinsa ba ya riƙe matsi, famfon ruwa ya ci, ko fanka ba ta tashi. A nemo shi a gyara, a mayar da tamostat.

Ba za a goge mini kawai ba? Wani ma ya ce in cire kan batir.

Za ta mutu, na ɗan lokaci. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Yawancin lambobi sai kwamfuta ta ga matsalar a tafiya biyu a jere kafin ta kunna wuta, shi ya sa kake samun kwana biyu na murna kafin ta dawo. Kuma akwai asara a gogewar. A daidai lokacin da lambar ta faɗa, kwamfuta tana ajiye halin da inji ke ciki: gudun mota, juyin inji, zafin ruwa, lissafin mai. Wannan shafin ne ke gaya mini ko da sanyi abin ke faruwa ko a kan babbar hanya. Ka goge, ya tafi. Ko wa zai sa maka na'ura, ce masa ya dakata ka ɗauki hoton allon da wayarka tukuna.

Cire batir yana da nasa ciwon kan: kwamfuta ta manta silon da ta koya, mota ta yi ta mutuwa a danja, rediyon wasu Honda kuma ya kulle yana neman lambar sirri.

Zan sayi tokumbo. Yaya zan gane ba a rufe mini wani abu ba?

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka nemi wutar cek da idonka. Dole ta kama tare da sauran, ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba, an cire ƙwanta ko an liƙe ta ta ciki. Na taɓa buɗe allon wata mota na tarar da cingam. Sannan a sa na'ura, kuma kada ka tsaya a "babu lamba". A buɗe shafin gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta, na indomi, na sensar salansa, na tururin tanki. In akasarinsu sun nuna ba a kammala ba, kwanan nan aka goge ko aka cire batir. A motar da ta sauka daga jirgi ba abin mamaki ba ne, batir kan mutu a hanya. A wadda mai ita ya ce kullum da ita yake zuwa aiki, akwai tambaya. A zaga da ita na rabin awa har da babban titi, a sake dubawa.

Kwana ɗaya da shan mai wutar ta kama. Gidan man ne?

Fara da murfin tanki. In ba a ɗaure shi ba, ko robarsa ta tsage, motocin Amurka suna kama wannan su ba da P0455 ko P0442. Ɗaure shi har ya yi ƙaras, wutar za ta mutu da kanta bayan 'yan kwanaki. A kuma daina girgiza mota ana ɗura mai bayan famfo ya tsaya, rarar tana gangarawa cikin gwangwanin gawayi da aka yi don tururi kawai, ta lalata shi.

Gurɓataccen mai kuwa gaskiya ne, waɗanda suka sha man nan mai yawan sinadarin mitanol a Fabrairun 2022 ba su manta ba. Alamarsa shaƙewa da P0300 jim kaɗan bayan an sha. Tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske ka ajiye minti goma, in da ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa.

Lambobi goma sha biyu suka fito lokaci guda. Motar ta ƙare ke nan?

A'a. Sensoshi goma ba sa haɗa baki su mutu rana ɗaya, abin da suka yi tarayya a kai ne ya samu matsala. Auna batir: wajen bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki. Duba kan batir ko ya yi farin gari, duba wayar at, wato ta nagetif ɗin batir, da ke ɗaure a jikin inji da bodi, duba fiyus. Tuna ko an wanke inji da ruwan matsi jiya. Sai ɓera, wanda a unguwanninmu ya fi kowa ba ni aiki: ya samu ɗumi a ƙarƙashin bonet ya kwana yana gaigayar waya. In ka ga ɓawon gyaɗa a kan inji, ka san inda za a fara.

An ce burenbos ɗin motata ne ya mutu, wai in kawo kuɗin wani.

Hajiya, ki dakata tukuna. Yana mutuwa, amma shi ne na ƙarshe da ake zargi, kuma in ya mutu akwai sanadi: ruwa ya shige shi, an juya kan batir, ko an yi walda a jikin mota ba a cire batir ba. Ki tambayi wanda ya faɗa ko ya auna wuta da at a soket ɗinsa, ko ya bi wayar daga sensa har can. In amsar ita ce "ai kwamfuta ce ta nuna", ki kai wa wani ya duba.

In sayi 'yar na'urar nan ta Bluetooth in riƙa dubawa da wayata?

Saya. ELM327 ake kiranta, tana aiki da manhajoji irin su Torque da Car Scanner, kuma ko ba ka iya gyara ba, sanin lambar kafin ka shiga gareji yana rage yawan labarin da za a ba ka. Sai dai inji ta fi gani, ba ta cika shiga birkin ABS ko jakar iska ba, waɗannan sai manya irin Launch da Autel, ko Techstream na Toyota. Kada ka bar ta a soket mota na ajiye kwana da kwanaki, soket ɗin yana da wuta ko an zare makulli.

An gyara. Yaya zan san ta warke da gaske?

Ba a ƙofar gareji ake ganewa ba, don duk wutar da aka goge a mace take fita. In ba a goge ba kuma gyaran ya yi, kwamfuta na kashe ta da kanta bayan tafiya uku a jere da ta yi gwajin ba ta ga laifi ba. In an goge, yi kwana uku zuwa mako kana hawanta yadda ka saba, da cunkoson cikin gari da ɗan babban titi, mai tsakanin kwata da kwata uku na tanki don gwajin tururi ya samu gudana. Sannan ka dawo a sa na'ura a ga gwaje-gwajen sun kammala, babu lambar da ke jiran tabbaci, LTFT ya sauko kusa da sifili. Tsohon kayan da aka cire kuma a saka maka a but, kada ka yar da shi sai bayan wannan dubawar.